Yadda za ka kafa kulob ɗin tarihi a sakandare har yara su riƙa rububin shiga

Malamai 'yan uwana, musamman ku da ke koyar da Tarihi ko Gwamnati ko Hausa a sakandarorin Kaduna da kewaye, da ku nake. Kowa ya san halin da ake ciki, ka shiga aji da darasin tarihi bayan an dawo daga tara, wasu na gyangyaɗi wasu na kwafar aikin lissafi a ƙarƙashin benci, kai kuma kana ta zubo shekaru da sunayen gwamnoni har maƙogwaro ya bushe. Kuma gaskiya ba laifin yaran ba ne kacokan. Tun shekarar karatu ta 2009/2010 aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi, ka ga kenan akwai yayyensu har da wasu ƙananan malamai da suka taso ba su taɓa zama ajin tarihi ba. Yaron da ya iso SS1 a haka, abin da ya ɗauka shi ne tarihi hadda ce kawai, a haddace a zubar ranar jarrabawa a manta.

Abin da na gani da idona shi ne, yaro yana fara son tarihi ne ranar da aka damƙa masa aikin tono shi da hannunsa, a unguwarsu, daga bakin mutanen da ya sani. Firiyod ɗin minti 40 da silabas a wuya ba za su bar ka ka yi wannan ba. Kulob ne zai bar ka. Ga yadda za a bi.

Fara da ofishin firinsifal

Kar ka tara ko yaro ɗaya kafin hukumar makaranta ta sani. Rubuta takarda shafi ɗaya tak, ka faɗi sunan kulob, ranar haɗuwa da lokaci, malaman da za su kula, da abin da za ku nuna wa makaranta a ƙarshen zango. Wannan na ƙarshen shi ke jan hankalin firinsifal, don yana son ya ga abin da zai nuna wa iyaye da jami'an ma'aikatar ilimi in sun zo. Ka ce masa ranka ya daɗe, ba kuɗi muka zo nema ba, aji ɗaya muke so da awa ɗaya a mako. In ka fara da maganar kuɗi an gama kashe maganar.

Ka nemi abokin aiki, in makarantar ta maza da mata ce to lallai a samu malama mace, saboda akwai gidajen da ba za su bar 'yarsu ta fita ba sai sun ji akwai malama, kuma akwai tsofaffin matan da ba za su saki jiki da namiji ba. Lokaci kuma a duba da kyau. Yawancin yaranmu suna da Islamiyya da yamma, wasu na da aikin coci, wasu na tsaron shago ko koyon ɗinki, saboda haka in makaranta na da ranar kulob-kulob a tsarinta ku shige ciki, in babu ku ɗauki awa ɗaya da zarar an tashi, banda Juma'a.

Waɗanne yara za a ɗauka

SS1 da SS2 su ne ƙashin bayan abin. 'Yan SS3 a bar su da WAEC da NECO da JAMB ɗinsu, in suna so su leƙo. Dan Allah kar ka zaɓi masu ɗaukar na ɗaya zuwa na goma kawai. Wannan yaron na bayan aji mai surutu wanda ya san kowane lungu na Tudun Wada, kuma yana gaisawa da kowane dattijo a bakin masallaci, wallahi shi ne zai buɗe muku ƙofofin da kai malam ba za ka iya ba. Mai zane zai yi taswira, mai iya waya zai yi rikodin, mai kyan rubutu zai riƙe rajista. 'Yan kimiyya ma a bar su su shigo. Yara 20 zuwa 25 sun isa a karon farko, fiye da haka hayaniya ce.

Zaman farko, kar ka yi lacca

Wannan zaman shi ke yanke hukunci ko za su dawo ko ba za su dawo ba. Kar ka rubuta komai a allo. Ka shigo da wani tsohon abu a aljihu, ni abin da na fi so shi ne kwabon nan mai huda a tsakiya na zamanin Turawa, za ka samu a wajen tsofaffi ko masu sayar da kayan da. Ka miƙa wa na gaba ka ce ya duba ya ba na kusa da shi. Za ka ga suna juya shi, wani ya leƙa ta hudar, wani ya kankare dattin da farce yana neman shekara, wata ta lura akwai rubutun Larabci a jiki ta ce Malam ya aka yi kuɗin Bature ke da rubutun Larabci. Kar ka amsa. Ka ce ta rubuta tambayar a allo. Me ya sa aka huda shi, me yake iya saye a lokacin, yaushe aka daina karɓarsa. Sai ka ba su aikin gida guda ɗaya, kowa ya je ya tambayi wanda ya fi kowa tsufa a gidansu yadda aka yi canjin kuɗi a 1973 lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule da sisi, da yadda mutane suka riƙa rikicewa a kasuwa.

Mako mai zuwa ba sai ka roƙi kowa ya yi magana ba. Kowa ya zo da labari, kuma labaran ba za su zo ɗaya ba, a nan aikin tarihi na gaske ya fara.

Su za su zaɓi abin da za su bincika

Akwai wasu masana halayyar ɗan Adam 'yan Amurka, Edward Deci da Richard Ryan, da suka daɗe suna nazarin abin da ke sa mutum ya yi aiki da son ransa ba don tsoron bulala ko kwaɗayin maki ba. Abubuwa uku suka tsayar, mutum ya ji shi ya zaɓa, ya ji yana iyawa kuma yana ƙara gwanancewa, sannan ya ji yana tare da mutanen da suka damu da shi. In ka duba, ajinmu na yau da kullum kusan duk ukun babu. To a kulob sai ka tabbatar sun samu, ka fara da zaɓi.

Raba su rukuni-rukuni, mutum huɗu ko biyar, ka zuba musu batutuwa su ɗauka ko su kawo nasu. Kaduna kuwa ba ta rasa abin tonowa. Ga Kakuri da masaƙunta, masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta fara aiki a 1957, daga baya Arewa Textiles da UNTL da sauransu suka biyo, har yau akwai tsofaffin ma'aikata a Kakuri da Makera da Nasarawa da za su ba ka labarin yadda ake fitowa shif kamar an tashi daga Idi. Ga reluwe, layin dogon da ya isa Kano a 1911 ta nan ya ratsa, kuma shi ne babban dalilin da ya sa aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Ga kamfanin haɗa Peugeot da ya fara a 1975, ga matatar mai ta 1980, ga hawan daba na FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, da aka yi a 1977, ga ranar da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, tsofaffin direbobin Kawo da Mando na da abin faɗa a kai. Ga tarihin Gbagyi da suke zaune a wannan yanki tun kafin zuwan Bature. Ga tarihin ita kanta makarantarku, wa ya fara shugabantarta, ina aka fara, su wa suka yi karatu a ciki.

Aikinka shi ne ka taya su matse batun. In suka ce za mu yi tarihin Kaduna ka ce a'a ya yi faɗi. In suka ce tarihin masaƙu, har yanzu da saura. Amma in suka ce muna so mu san yadda rayuwar iyalan ma'aikata ta canza a layinmu bayan an rufe masaƙa, yauwa, wannan tambaya ce da yara biyar za su iya amsawa a zango ɗaya. Su rubuta ta da manyan baƙi a bangon littafinsu.

Hira da dattawa

Nan ne zuciyar abin, kuma nan zan fi daɗewa, don in an yi shi da kyau yaro ba ya komawa yadda yake.

Kafin su fita sai an yi gwaji a aji. Kai ka zauna a matsayin dattijo su yi maka tambayoyi, ko ku roƙi maigadin makaranta ko wata tsohuwar malama. Za ka ga kuskuren farko nan take, suna yin tambayar da amsarta e ko a'a ce. Baba kun sha wahala a da? Ya ce e, shikenan magana ta mutu. Koya musu su ce, Baba, ranar da ka fara shiga masaƙa, ba mu labarin yadda ta kasance tun daga fitowarka gida. Ko kuma, Inna, da kika zo Kaduna amarya, me kika tarar a unguwar nan, ina kuke ɗebo ruwa, ina kuke cefane. Tambayar da ke neman rana ɗaya ko wuri ɗaya ko abu ɗaya ita ke buɗe bakin tsoho. Tambayoyi takwas zuwa goma sun isa, kuma a gaya musu in dattijo ya kauce ya shiga wani labarin kar su katse shi, sau da yawa abin da ya kauce zuwa gare shi ya fi abin da aka zo nema.

Sai ladabi. Ba a faɗa wa dattijo haka kawai da waya a hannu. A aika tun kafin ranar, ta hannun jikansa ko mai unguwa ko limami ko fasto, a faɗi su waye da abin da ake so. Ranar zuwa a yi sallama, a cire takalmi, a durƙusa a gaisa sosai, a tambayi iyali da jiki, in da hali a riƙe ɗan goro ko sabulu. Sannan a nemi izini a fili, Baba za mu ɗauki muryarka a waya don aikin makaranta, ka yarda? Ka yarda a ambaci sunanka ko a sakaya? Amsarsa ta shiga cikin rikodin ɗin. In ya ce kar a ɗauka to a rubuta da hannu, in ya ce wannan maganar kar ta fita to ba ta fita, ko da ita ce ta fi daɗi. Yara ba sa zuwa su kaɗai, ko dai malami ko wani babba daga gidansu, kuma 'yan mata su je wajen mata.

Wajen ɗauka, waya ɗaya ta isa, a cika ta da caji, a sa ta a yanayin jirgi don kar kira ya shigo ya yanke, a ajiye ta kusa da bakin mai magana a kan tabarma ko kujera ba a hannu ba, a nisanci janareto da bakin titi. A farkon rikodin yaro ya faɗi kwanan wata da unguwa da sunan wanda ake hira da shi. Ɗaya na tambaya, ɗaya na rubutu, ɗaya na lura da waya. Minti 30 zuwa 45 ya wadatar, tsoho na gajiya. Kafin a tashi a tambaya ko akwai tsohon hoto ko katin aiki ko rasit ko lambar yabo, a ɗauki hotonsa a wurin a mayar masa, kar a karɓo kayan mutane a zo da su makaranta su ɓace.

Bayan an dawo, a cikin makon nan za su zauna su saurara su rubuta abin da aka faɗa da Hausar da aka faɗe shi, ba gyara. Aiki ne mai cin rai, za su yi ƙorafi, amma a nan kunnensu ke buɗewa kuma rubutunsu ke gyaruwa. Kuma dan Allah kar a manta da mata. Yawanci in an ce dattijo sai kowa ya nufi maza, alhali kakanninmu mata su suka san farashin kaya da yadda aka yi yunwa da yadda aka yi biki da wanda ya fara zama a layi.

Kar a tsaya a baki ɗaya

Kowane rukuni ya yi hira da mutum uku aƙalla, don dole za a samu saɓani, wannan ya ce kafin yaƙin basasa ne wancan ya ce bayansa. Yara za su zo suna cewa Malam wani ya yi mana ƙarya. Ka zaunar da su ka nuna musu ba ƙarya ba ce, tunani ne ke haɗe shekaru, kuma kowa daga inda yake tsaye ya ga abin. Ka ba su tambayoyi uku da za su riƙa yi wa kowane labari, wa ya faɗa, yana wurin ko ji ya yi, kuma akwai wani abu daban da ya goyi bayansa. Yaron da ya saba da waɗannan tambayoyin ko saƙon WhatsApp aka turo masa sai ya tsaya ya auna kafin ya tura gaba.

Daga nan sai takardu, kuma mu 'yan Kaduna Allah Ya yi mana gata. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana nan kan titin Yakubu Gowon, cike da fayilolin zamanin Razdan da Di'o da En'e da tsofaffin jaridu da rubuce-rubucen Larabci. Arewa House na kan titin Rabah, gidan Sardauna ne inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966, aka mayar da shi cibiyar binciken tarihi a 1970, tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara jagorantarta. Gidan tarihi na ƙasa na kan titin Ali Akilu. A lambun shaƙatawa na Gamji kuma ga gadar ƙafa ta Gwamna Lugga (Lugard) da aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a ɗauko ta a kawo nan. Akwai yaran da aka haifa a garin nan suna wuce waɗannan wuraren a Keke Napep kullum ba su taɓa sanin ana shiga ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kai wasiƙa mai hatimin makaranta tun da wuri, ka je da kanka ka ga jami'in da zai karɓe ku, ka tambayi ƙa'idarsu kan yawan yara da ɗaukar hoto da kuɗin shiga. Kowane yaro ya kawo takardar amincewar iyaye da sa hannu da lambar waya. Kuma kar a je yawon buɗe ido kawai, kowane rukuni ya shiga da tambayarsa a rubuce, ya fito da abu biyu ko uku da ya samo. In ka ga yarinya ta buɗe tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, tana karanta Hausar kakanninta a hankali tana murmushi, za ka san kuɗin motar bai tafi a banza ba.

In kulob ya yi ƙarfi a zango na biyu ko na uku sai a yi tunanin Zariya, a ga ganuwa da ƙofofi irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, da tsohon masallacin Juma'a ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, da Kwalejin Barewa wadda ta faro a Katsina a 1921, ta zo Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, da tsohuwar unguwar mishan ta Wusasa. Nok da ke ƙaramar hukumar Jaba, inda masu haƙar kuza suka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu a 1928, tafiya ce mai nisa. Duk wata fita bayan gari sai an tambayi halin da hanya ke ciki a wannan makon, a fita da safe a dawo da rana tsaka, in akwai ɗar-ɗar a fasa, a gidan tarihi na cikin gari ma za su ga kayan Nok.

Maganar rikice-rikice

Ba yadda za a yi yara su yi hira da manya a Kaduna ba a taɓo 1987 ko 1992 ko 2000 ko 2002 ko 2011 ba. Wasu yaran ma dalilin da ya sa gidansu ke wannan ɓangaren kogi ba wancan ba kenan. Shawarata ita ce a shekarar farko kar a ɗauki rikici a matsayin batun bincike, yaran ba su ƙware ba tukuna kuma raunin bai warke ba a gidaje da yawa. In ya taso a hira a saurara da girmamawa, a rubuta, a kawo wa malami, kar a sa a bango ko a intanet. Ka kafa doka tun ranar farko, ba zagin addini ko ƙabila, ba a cewa su wane haka suke. In makarantarku haɗe take ka cakuɗa rukunonin da gangan, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bajju da Gbagyi da Atyap da Bayarabe, su je gidajen juna. Batun masaƙa da reluwe na da daɗi a nan, don a can kowa da kowa ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa, kuma tsofaffin da kansu za su faɗa.

Ranar nuni

Aikin da malami kaɗai zai gani ya sa maki, yaro ba ya zuba ƙarfinsa a ciki. Amma in ya san kakarsa za ta zo ta zauna a gaba, ko cikin dare sai ya tashi ya gyara. A Amurka akwai gasar tarihi ta 'yan makaranta da ta faro a birnin Cleveland a 1974, yara ke zaɓar batu su yi bincike sannan su gabatar ta hanyar da suka fi iyawa, ko allon nuni ko wasan kwaikwayo ko ɗan fim ko rubutu ko shafin intanet. Wannan tsarin za mu iya ɗauka daidai ƙarfinmu. Kwali da maka da gam da hotunan da aka wanko sun isa allon nuni. Wasu su yi wasan kwaikwayo na minti goma, wasu su haɗa muryoyin dattawa a sa a lasifika, mai waƙa ya yi waƙa.

Sa ranar tun farkon zango kowa ya sani, in ta dace da taron PTA ya fi. A gayyaci dattawan da aka yi hira da su a ba su kujerun gaba, a gayyaci mai unguwa ko hakimi, da wani malamin tarihi daga KASU ko ABU ko kwalejin ilimi ya yi wa yaran tambayoyi. Kowane rukuni minti bakwai, su faɗi tambayarsu, wa suka tambaya, me suka gano, ina aka samu saɓani. Kowa a cikin rukuni sai ya yi magana ko da jimla biyu ce. A yi da Hausa a yi da Turanci. In za a ba da kyauta kar ta zama ta na ɗaya kaɗai, a yi ta hira mafi kyau, ta taswira, ta wanda ya fi ci gaba, kowa kuma ya samu satifiket. Sannan a kai wa kowane dattijo kwafin abin da aka rubuta daga bakinsa har gida, a yi masa godiya.

Abin da ya rage

Kuɗi ba su da yawa in an tsaya cikin gari, kwali da wankin hoto da motar fita sau ɗaya. A nemi PTA ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, a rubuta duk abin da aka kashe, kar a ɗora wa yara haraji don marasa hali za su janye a shiru.

Don ka san ko abin na aiki, riƙe rajistar zuwa, ka ajiye rubutun kowane yaro na makon farko ka kwatanta da na ƙarshen zango, ka kuma tambayi malaman Turanci da Gwamnati ko sun ga canji. In ka ga zuwa na raguwa, yawanci ɗayan biyu ne, ko ka koma yi musu lacca ko an daɗe ba a fita ba.

Shugabanci kuma a hannun yara yake, shugaba da sakatare da mai ajiyar kaya, 'yan SS2 su riƙe, kafin su shiga SS3 su miƙa wa na bayansu kuma su koya musu yadda ake hira. Duk rikodin a kwafe shi wuri biyu, filashi ɗaya a ofishin firinsifal ɗaya a wajen malamin kulob, kowane fayil da sunan unguwa da kwanan wata, rubutattun kuma a haɗa su a fayil a ajiye a laburare. Malamin gwamnati ana iya yi masa canjin wurin aiki kowane lokaci, saboda haka tun zangon farko ka jawo malami na biyu ya san inda komai yake, lambobin masu unguwa da kwafin wasiƙu da jerin dattawan da ba a kai ga zuwa wajensu ba, waɗanda suka fi tsufa a saman jerin.